Hannun da Ya Taɓa Kan Uba

A tsibirinmu ɗa ba ya taɓa kan ubansa. Ba ya cin ragowar abincinsa, ba ya hawa shimfiɗarsa, amma doka mafi girma ita ce ta taɓa kai. Tun yaro yana rarrafe, in ya miƙa hannu zai cafki sumar uba, uwa za ta doke hannun ta ce, "Tapu!" wato haramun. Haka kuma namiji da 'yar'uwarsa in sun girma, ba sa zama tabarma ɗaya, ba ta taɓa shi, ba ya taɓa ta, magana ma sun fi so ta bi ta bakin wani. Yaran yanzu sai su je makaranta su dawo suna tambayar dalili. Mai neman dalilin zafin wuta ai sai ya sa yatsa. Kowa ya san labarin matar nan ta unguwar gabas da ta cire wa ubanta furfura da wasa, hannun ya ƙanƙance ya naɗe kamar ƙafar kaza, har ta koma ga Ubangiji ana ba ta abinci a baki.

Lesieli 'yar Kelepi ta san labarin nan tun kafin ta san haruffa. Tana ajin ƙarshe a sakandaren Pangai lokacin da abin da zan ba ku labari ya faru, ta zo gida hutu. Uwarta ta tafi tsibirin Tongatapu zaman makoki, gidan daga ita sai uban. Ana nan sai Gwaggo Latai, yayar Kelepi, ta aiko cewa tana bukatar kabar saƙa, a kai ta ƙaramin tsibirin da ake noma. Maganar gwaggo kuwa ba a mayar da ita. Kelepi ya ajiye komarsa da yake ɗinki, ya tura kwalekwale ruwa.

Latai ta zauna a can goshin jirgi ta ba shi baya, shi yana ƙarshe riƙe da inji, Lesieli a tsakiya, ita ce bakinsu.

"Gaya wa ubanki," in ji Latai, "injin nan nasa tari yake kamar tsohon mashayin taba. Marigayi mijina da ya ji wannan ƙara da ya jefa shi teku."

"Baba, wai in ji Gwaggo..."

"Na ji. Ce mata gaskiya ta faɗa."

"Ke kuma 'yar boko, gyara zama. Kin baje kamar buhun rogo. A makarantar taku har zama sai an koya muku a allo?"

Lesieli ta yi dariya ta tattara ƙafafu. Dariyarta ta ƙarshe ke nan a ranar.

Tsibirin gona ba kowa a cikinsa, daga doya da gwaza sai kwakwa da tsuntsaye, waya ma ba ta kamawa. Matan suka shiga yankan kaba suna ɗaurewa dami-dami, Kelepi yana noma a gefe. Da rana ta take, Latai ta share zufa ta ce, "Gaya wa ubanki maƙogwarona ya bushe."

Kelepi ba yaro ba ne, gwiwarsa ta dama ma takan yi masa gardama da sanyin safiya. Amma yayarsa ta ce ƙishirwa. Ya soke adda a ƙugu, ya rungumi itacen kwakwar da ke bakin ruwa ya hau. Ya jefo ɗaya, ya jefo ta biyu. Garin miƙawa ga ta uku ya kama busasshen reshe, reshen ya biyo shi.

Ba ihu Lesieli ta ji ba. Wata ƙara ta ji, irin ta kwakwa in an buga ta a kan dutse. Ta yar da wuƙar ta ruga.

Yana kwance rigingine a kan farin dutsen bakin teku, ƙafa ɗaya a lanƙwashe, idanu a rufe. Fatar kansa ta dare daga saman kunne har tsakiyar kai, jini yana ɓulɓulowa yana bin ramukan dutsen yana gangarawa cikin yashi. Ƙirjinsa yana ɗagawa. Da rai.

Ta zo daf da shi sai ƙafafunta suka tsaya da kansu, kamar akuyar da igiyarta ta ƙare.

Latai ta iso tana haki, ta ga abin da ke ƙasa, ta ɗora hannu a ka. "Kelepi! Wayyo ƙanena! Ni na kashe shi da ƙishirwata!" Ita ma ta tsaya inda Lesieli ta tsaya, ba ta ƙara taku ba.

"Gwaggo, jinin."

"Ina gani! Makauniya ce ni? Ke da kika yi karatu, me aka ce a yi?"

"Wata nas ta zo makarantarmu. Ta ce a sa tsumma a danne wurin da ƙarfi, kada a ɗaga."

"To a danne mana!"

"Da hannu, Gwaggo."

"Hannun wa?"

Teku tana ta bugun dutse, ba ruwanta. Suka dubi juna, kowacce tana jiran ɗayar.

"Ke ce babba," in ji Lesieli.

"Kin haukace? Ciki ɗaya muka fito da shi! Tun da ya girma ya fara ɗaura tabarmar ado a ƙugu irin ta manya, ko yatsansa ban taɓa ba. Nawa tapun ya fi naki nauyi, yarinya." Latai ta waiga hagu da dama, kamar wani zai fito daga cikin gwaza. Can idonta ya faɗa kan jirgi. "Ɗauko sandar tuƙi! Maza!"

Lesieli ta ɗauko. Latai ta kwance zanenta na sama ta naɗe a bakin sandar, ta ɗaure da kaba, suka kama ɗayan bakin su biyu, suka miƙa daga nesa kamar masu tsokanar maciji a rami. Zanen ya taɓa raunin ya zame. Suka sake. Ya jiƙe sharkaf ya sake zamewa, bakin sandar ya daki ƙashin kansa, Kelepi ya yi wani nishi daga can cikin cikinsa, irin wanda Lesieli ba ta taɓa jin ya fito daga bakin babban mutum ba.

"A hankali!"

"Ke ce kike turawa, Gwaggo!"

"Kama da kyau, hannunki kamar dafaffen gwaza!"

Suna wannan fama jinin bai tsaya jiransu ba. Yashin da ke ƙarƙashin dutsen ya koma baƙi, ƙudaje suka fara sauka, wata ƙaramar ƙaguwa ta leƙo daga raminta. Lesieli ta dubi leɓɓan ubanta, sun yi fari kamar toka. Numfashin ya koma gajere, sama-sama.

An ce tsoro na daji, kunya ta gida. Yau ga su duka biyun sun tare ta a wuri ɗaya. In ta tsaya, za ta ga mutuwarsa da idonta. In ta matsa, ga matar unguwar gabas tana miƙo mata naɗaɗɗen hannu.

Latai ta saki sandar. Ba ta ce yi ba, ba ta ce bari ba, domin ba ta da bakin faɗin ko ɗaya. Ta juya ta fuskanci teku, ta ce da ƙaramar murya, "Ni ruwa nake kallo. Ban ga komai ba."

Lesieli ta durƙusa. Ta rarrafa da gwiwa a kan dutsen mai kaifi, ta warware zanen daga sandar ta ninke shi. "Baba, ka gafarce ni," ta ce. "Ubangiji, ka gafarce ni." Ta rufe ido ta ɗora hannun dama.

Ashe haka kan ubanta yake. Tun da aka haife ta take ganinsa, ba ta san sumar tana da kaushi haka ba, ba ta san akwai wani tsohon tabo a bayan kunnen ba. Da ɗumi, kamar na kowa. Wannan ya fi komai razana ta. Ta jira tsawa ta faɗo, ba ta faɗo ba. Sai jini da ke tura tafin hannunta kamar abu mai rai yana neman hanya. Ta tallafi ƙeyar da hagu, ta danna da duk ƙarfinta.

Kai shi jirgi ma wani aiki ne. Latai ta shimfiɗa tabarmar da suka zo da ita ta cin abinci, Lesieli ta mirgina shi a kai da kafaɗa da gwiwa, hannun bai ɗaga ba. Latai ta kama bakin tabarmar tana ja da baya-baya, fuskarta a gefe, Lesieli tana binta da rarrafe, dutse yana yanka mata gwiwoyi. Yadda mata biyu suka ɗora ƙato kamar Kelepi cikin kwalekwale, ɗaya ba ta taɓa shi, ɗaya ba ta sakinsa, su ma ba su iya faɗa ba daga baya.

Latai ta yi shekaru tana fita kamun kifi da mijinta, ta san ƙofar da ake bi tsakanin duwatsu. Ta fizgi igiyar injin da ta gama zagi da safe, ya yi tari, ya mutu. Ta sake fizga tana cewa, "Yi haƙuri, ɗan albarka, wasa nake maka." Ya tashi. Ba ta nufi gida ba, don a gida ba abin da za a yi masa sai addu'a da kuka. Ta miƙe Pangai, inda asibiti yake.

Hanyar da nisa, iska kuma ta taso. Kan Kelepi yana bisa cinyar 'yarsa, duk igiyar ruwan da ta ɗaga jirgin ta buga, sai ta ji jinin ya yunƙuro, ta ƙara dannawa. Can tsakiyar teku ya buɗe ido. Ya dube ta, ya daɗe yana dubanta, daga fuskarta zuwa damtsen da ya bi ta saman goshinsa. Ya mayar da idon ya rufe.

Ba a jima ba ta ji yatsunta sun fara tafiya. Da fari kamar tururuwa ke yawo a ciki, daga baya shiru. Ta ce wa ɗan yatsanta ya motsa, bai ji ba.

"Gwaggo."

"Mene ne?"

"Ba na jin hannuna."

Latai ta dube ta, ta dubi hannun, ta kawar da kai. Sai ta kama waƙar coci da ƙarfi, irin wadda ake yi in an ɗauki gawa, ta gane abin da take rerawa, ta katse ta kama wata. Lesieli ta sunkuyar da kai hawaye yana zuba a rigarta. Ya fara, ta ce a ranta. Tun ban sauka ba ya fara. Amma ba ta ɗaga ba. Aikin gama ya gama, in hannun zai tafi, to ya tafi da dalili.

A bakin gaɓar Pangai masu dako suka ɗauke shi da tabarmar suka sa a bayan wata motar ɗaukar kaya, ita tana manne da shi har cikin asibiti. Likitar da suka tarar wata gajeriyar mace ce 'yar tsibirin Vava'u, Dakta Kalisi, mai saurin baki. Ta leƙa ƙarƙashin zanen ta ce, "Kada ki ɗaga sai na ce." Aka sa masa ruwa a jijiya, aka kawo allura da zare. "To, ɗaga."

Hannun ya ƙi. Yatsun sun ƙage a lanƙwashe cikin sumar, jini ya bushe ya haɗa su. Sai da likitar ta ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya.

Nas ɗin da ke riƙe da tire, wata mai jiki, ta dube ta ta yi murmushi. "Kai, wannan riƙo! Yarinya, tsohon nan saurayinki ne, kike tsoron a ƙwace miki?"

"Babana ne."

Murmushin ya ɓace. Nas ɗin ta ja da baya har tiren ya yi ƙara. "Yesu," ta ce a hankali. Mai shara da ke bakin ƙofa ya tsaya da tsintsiyarsa. Dakta Kalisi ba ta ɗago ba, ta ci gaba da ɗinki.

Da aka gama, likitar ta same ta a baranda zaune a ƙasa, ta rungume hannun a ƙirji kamar jariri mara lafiya. Ta sa aka kawo ruwan ɗumi a kwano, ta tsoma hannun tana murza yatsun.

"Zai rayu. Ƙashin bai fashe ba, kan ubanki ya fi dutsen tauri. Da kin bar jinin nan yana zuba, da gawa kuka kawo min. Wannan kuma jijiya ce ta gaji, ko ni na danne abu tun daga can har nan haka nawa zai yi. Gobe zai saki."

"In bai saki ba fa?"

"Zai saki, na ce."

Lesieli ta dubi hannuwan likitar, ƙanana, lafiyayyu, yanzun nan suka fito daga cikin sumar Kelepi. "Ke ba kya jin tsoro?"

"Na me? Na ɗinke kan fastoci, na aske kan masu sarauta da hannun nan, ba wanda ya ce uffan. In na sa farar rigar nan ni ba 'yar kowa ba ce, ba ƙanwar kowa ba. Kowa ya san haka."

"Har kan mahaifinki?"

Murzar ta tsaya. "Allah ya kiyaye. Wanzami ba ya son jarfa. In nawa ne, sai in kira wani."

"In ba wani fa? In daga ke sai shi?"

Dakta Kalisi ta daɗe tana kallon ruwan da ya koma ja. Ta yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba. "To, da sai in sa rigar tukuna." Aka kira ta daga ciki, ta tashi ta tafi.

Latai ta matso ta zauna. "Saurara. In ya farka, za mu ce wasu masunta ne suka biyo, ɗayansu ya riƙe shi. Ni zan faɗa, ba zai ƙaryata ni ba."

"Ya buɗe ido, Gwaggo. A cikin jirgi. Ya gan ni."

Latai ta sauke numfashi. Aka kawo musu dafaffiyar doya daga gidan wasu dangi, Lesieli ta miƙa hannu, gwaggon ta riƙe kwanon. "Ba da wannan ba. Hannun da ya je inda ya je ba ya zuwa baki sai an kwance tapun da ke kansa. Nemi cokali, ki ci da ɗayan."

Washegari da hantsi Kelepi ya farka sosai, ya ce a kira 'yarsa. Yana kwance kai a naɗe da farin ƙyalle, fuskarsa ga bango. Lesieli ta shiga ta zauna a ƙasa, don kada kanta ya fi nasa tsawo. Latai ta tsaya daga bakin ƙofa.

"Hannun wa?" ya ce, bai juyo ba.

"Nawa, Baba."

Ta sunkuya tana jiran tsinuwa. Ta san muryarsa in ransa ya ɓaci, takan cika gida. Tsinuwar ba ta zo ba, ta ɗago ido kaɗan. Har yanzu fuskarsa tana ga bango.

"Da kin bar ni," ya ce. "Ni na ci zamanina. Ke fa? Nuna min."

Ta ɗaga hannun. Yatsu uku sun saki, biyu na ƙarshe suna nan a lanƙwashe. Ya juyo da ƙyar ya duba, ya rufe ido kamar an soke shi.

"Gaya wa ubanki," in ji Latai daga ƙofa, sai ta tsaya, ta yi abin da ba ta yi ba tun suna yara, ta yi masa magana kai tsaye. "Kelepi. Ka yafe mata. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar."

"Yafewa? Na yafe tun a cikin jirgi. Amma ni na ɗaura abin? Na tarar da shi, ubana ya tarar da shi. Abin da ba ni na ɗaura ba, ta ina zan kwance? In ce ba ta taɓa ba, alhali ta taɓa? 'Ya ta taɓa kan uba. Ban san maganin wannan ba, Yaya. Ban taɓa jin wanda ya sani ba."

A nan Lesieli ta gane cewa wanda take tsoro ya fi ta jin tsoro. Ƙasa ta yi mata kamar jirgi a kan igiyar ruwa. Wanda ya faɗa rijiya kuwa, ko kaifin takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Ba ta shirya maganar ba, jin ta kawai ta yi tana fita.

"Baba, likita ba 'yar kowa ba ce. Dakta ta faɗa. In ta sa rigar, tana taɓa kan kowa."

"Ita likita ce. Ke fa?"

"Zan zama. In na zama, to likita ce ta taɓa ka. Rigar ce kawai ta makara."

Kelepi ya dubi yayarsa kai tsaye, abin da shi ma ba ya yi. A gidanmu in magana ta gagari maza, bakin gwaggo ake kallo. Latai ta daɗe tana tauna abin, ta juya shi nan, ta juya shi can.

"Yarinyar da aka yi wa baiko," ta ce a ƙarshe, "ana kiranta matar wane tun ba a kai ta ba. In Lesieli ta cika alkawarin, zancen ya zauna. Amma har ranar da za ta shigo da rigar, hannun yana nan a ɗaure." Ta nuna Lesieli da yatsa. "In kuwa kika fasa, ko kika faɗi a hanya, to babu likita a kan dutsen nan. 'Ya ce kawai."

Lesieli ba ta cikin na gaba-gaba a ajinsu. Lissafi yana wahalar da ita, ranar da ake yanka alade takan gudu bayan gida ta toshe kunne. Ta san shekarun da karatun likita yake ci a Suva, can wata ƙasa, ta san waɗanda suka fi ta kai da suka je suka dawo hannu rabbana. Duk wannan ya bi ta cikin kanta tana zaune a kan simintin nan mai sanyi, yatsu biyu a naɗe a cinyarta.

"Na ji, Gwaggo," ta ce.

Kelepi ya yunƙura zai tashi, ciwo ya mayar da shi. Mutumin da bai taɓa roƙon 'yarsa ko ruwan sha ba, umarni kawai ya sani, ya miƙo hannu ya tsayar da shi a iska, bai kai gare ta ba.

"Lesieli. Komai za a sayar, a sayar, har jirgin. Ke dai kada ki faɗi. Kin ji? Don girman Allah, 'yata, kada ki faɗi."